Hoto 16 da Makullin Mota: Tarihin Ajiye Tuƙi a Japan

A cibiyoyin lasisin tuƙi da makarantun koyon mota na ƙasar Japan akwai wani ɗaki da ba ya rabo da furfura. Duk direban da ya kai shekara 75, in lokacin sabunta lasisinsa ya zo, sai ya ratsa ta cikinsa. Dattawa maza da mata kan jeru a kujeru kamar 'yan firamare, a ce kowa ya cire agogonsa ya jefa a jaka, ya kashe waya. Sai mai jarrabawa ya ɗaga allo mai hoto huɗu: igwa, kunne, rediyo da wani abin kiɗa. Ya sauke, ya ɗaga wani, ga zaki ga kaskon suya. A haka har a cika hoto 16, da babur da inabi da kaza da gado duk a ciki. Daga nan sai a shagaltar da su da ɗan aikin soke lambobi a takarda, kafin a ce to, kowa ya rubuto abin da ya gani. Wanda ya kakare, a zagaye na biyu akan ɗan haska masa: akwai makami a ciki, akwai dabba, akwai abin hawa. A ƙarshe a tambaye su shekara da wata da rana, da kuma ƙarfe nawa suke jin an yi.

Ba wanda ya ɓoye hotunan. 'Yan sanda da kansu suka baza su a intanet, shagunan littattafai na sayar da littattafan bita, wasu dattawan kan yi makonni suna hadda. Duk da haka hannuwa na rawa a ɗakin, don kowa ya san abin da ake lalube. Ana neman wanda cutar mantuwa ta fara taɓawa ne, wato abin da Bahaushe ya daɗe yana kira gigin tsufa. Dokar ƙasar kuwa ta ce wanda likita ya tabbatar yana da ita, shi da sitiyari sai kallo.

A 2009 aka buɗe wannan ɗaki, amma labarinsa ya girme shi da kusan shekara 50.

Waɗanda ke zaune a kujerun nan su ne samari da 'yan matan da suka ɗora Japan a kan taya. A 1958 kamfanin da ke ƙera Subaru ya fito da wata 'yar ƙaramar mota, Subaru 360, wadda ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya. A 1963 aka buɗe kashin farko na babbar hanyar Meishin. A 1966 Toyota ta fito da Corolla, Nissan ta fito da Sunny, har Japanawa suka yi wa shekarar laƙabi da shekarar farko ta motar kai. A ƙauyuka, 'yar ƙaramar a-kori-kura ta zama jakin manomi. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso shinkafa, ita ke kai uwargida asibiti. Yaran da aka haifa rututu bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1947 zuwa 1949, sun yi lasisi ne daidai lokacin da mota ta zama alamar cewa mutum ya tsaya da ƙafafunsa.

Ci gaban ya ci rayuka. A 1970 kaɗai mutum 16,765 suka mutu a haɗuran mota, har jaridu suka kira lamarin yaƙin kan titi. Sai dai a wancan zamani idon hukuma yana kan matasa masu gudun wuce sa'a da sababbin direbobi. Shi ya sa a 1972 aka wajabta wa duk wanda bai cika shekara da lasisi ba ya manna wata sitika mai kore da rawaya, wadda ake kira ɗanyen ganye. A 1994 kuma aka ƙirƙiro lasisin zinare, na wanda ya yi shekara biyar ba a kama shi da laifi ba. Dattawa da yawa sun riƙe wannan kati mai layin zinare shekara da shekaru, suna ji da shi kamar lambar yabo. Wanda bai san darajar katin nan ba, ba zai gane zafin rabuwa da shi ba.

Da ƙarnin ya zo ƙarewa, lissafi ya juya. Yawan mace-mace a hanya na raguwa, rabon tsofaffi a ciki na ƙaruwa. A 1997 hukuma ta fito wa direbobi 'yan shekara 75 da tasu sitikar, mai siffar ɗigon hawaye, rabi ruwan lemo rabi rawaya. Sunan da aka san ta da shi na ganyen kaka ne, wanda Japanawa ke tafiya mai nisa don su kalli kyansa. Niyyar mai kyau ce, domin doka ta tanadi hukunci ga wanda ya matsi motar da ke ɗauke da ita ko ya yanko mata gaba. Amma bakin mutane ba shi da linzami, nan da nan aka koma kiranta busasshen ganye. Dattijon da ya fara tuƙi tun ba a haifi ɗan sandan da ke tsare shi ba, yau an ce ya manna wa motarsa sanarwar cewa ya kusa karkaɗowa. Da aka wajabta ta a 2008 ƙorafi ya yi yawa, a 2009 aka janye wajabcin, a 2011 aka canza zanen gaba ɗaya zuwa wani ganye mai kunne huɗu da launuka masu fara'a. Shekara 14 hukuma ta yi kafin ta gyara wannan kuskure.

A watan Afrilun 1998 aka kafa abin da ya zama al'ada a yau. Kafin lokacin, wanda ya ga ƙarfinsa ya ragu sai dai ya jefa lasisi a akwati har wa'adinsa ya ƙare, ko ya ci gaba da tuƙi har ranar da za a ƙwace. Sabuwar dokar ta ba shi damar ya tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, ya miƙa da hannunsa. A shekarar farko mutum 2,500 da 'yan kai ne kawai suka je.

Dalili ɗaya na wannan ƙarancin ba shi da alaƙa da mota ko kaɗan. A lokacin Japan ba ta da katin ɗan ƙasa mai hoto da kowa ke riƙe da shi, don haka lasisin tuƙi shi ne katin shaidar yawancin manya. Da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake karɓar saƙo a gidan waya. Wanda ya miƙa shi ya rasa abin da zai zaro daga aljihu ya ce ni ne wane. A 2002 aka fara ba masu miƙawa wata takardar shaidar tarihin tuƙi, amma bankuna ba sa karɓarta in ta wuce wata shida. Sai a 2012 aka mai da ita katin shaida na har abada, kuma daga nan layin masu miƙawa ya riƙa tsawo a kai a kai.

A 2002 ɗin kuma dokar hanya ta ambaci cutar mantuwa ƙarara cikin dalilan soke lasisi ko dakatar da shi. Kalmar da aka rubuta a lokacin, chiho, tana ɗauke da ma'anar wauta da dolanci. Iyalai kan ɓoye mai ita, shi ma mai ita kan guji likita. A Disambar 2004 ma'aikatar lafiya ta sauya sunan zuwa ninchisho, wato larurar fahimta. Cikin kwamitin da ya yi wannan aiki akwai Dakta Kazuo Hasegawa, likitan ƙwaƙwalwar da ya tsara ma'aunin gano cutar tun 1974, wanda a cikinsa ake ce wa mutum ya debe 7 daga 100. A 2017, yana da shekara 88, Hasegawa ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa shi ma cutar ta kama shi. Ya ci gaba da bayani a kanta har kusan rasuwarsa a 2021. Ganin mutumin da ya auna dubban mutane ya hau ma'aunin da kansa ya rage wa gidaje da yawa nauyin furta sunan.

Jarrabawar 2009 tana da wata ƙofar raggo. Ko mutum ya faɗi warwas, ba dole ya ga likita ba, sai in an kama shi da wasu laifuka na hanya. A 2015 majalisa ta toshe ƙofar, aka tsai da Maris na 2017 don fara aiki da gyaran. Ana cikin jiran ne, a ƙarshen Oktoban 2016, wani dattijo ɗan shekara 87 ya fita daga gida a 'yar a-kori-kurarsa, ya ɓace hanya, ya yi ta gewaya manyan tituna kusan kwana guda cur. Washegari da safe, a birnin Yokohama, ya afka wa ayarin yara masu tafiya makaranta. Yaro ɗan shekara shida ya rasu. Bincike ya nuna dattijon na fama da cutar Alzheimer, masu gabatar da ƙara suka janye ba a kai shi kotu ba. Ƙasar ta girgiza, har Firayim Minista Shinzo Abe ya tara ministoci a kan batun.

Daga Maris na 2017, duk wanda makinsa ya faɗo ƙasa sai ya kawo takardar likita. A shekarar farko mutum fiye da miliyan 2 suka zauna jarrabawar, aka ware kimanin 57,000 a rukunin da ake zargin sun kamu. Waɗanda aka soke wa lasisi ko aka dakatar ba su kai 2,000 ba. Waɗanda suka miƙa da kansu kuwa sun kai wajen 16,000.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce zuciyar al'adar. Muddin takardar likita ba ta kai ga yanke hukunci ba, ƙofar miƙawa a buɗe take: mutum ya je da kansa, a karɓa da girmamawa, a ba shi katin shaida. In kuwa aka riga aka soke, ba kati, sai wasiƙar hukuma. Ƙarshen duka biyun ɗaya ne, ba zai sake tuƙi ba, amma iyalai sun san bambancin wanda ya sauka daga doki da wanda dokin ya kayar. Shi ya sa likitocin unguwa da yawa, kafin su ɗora alƙalami a takarda, sukan zaunar da majinyaci da 'ya'yansa su ba da shawarar a je a miƙa tukuna.

Wahalar ita ce cutar tana fara cinye sanin cewa akwai cutar. Dattijo zai dubi ɗansa ido cikin ido ya ce shekara 50 yana tuƙi ko kare bai taɓa bugewa ba, ga lasisin zinare shaida. Gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya tunawa shi ne ƙarcen da ke gefen motar na makon jiya, da ranar da ya tsaya a mararrabar da ya sani tun yana yaro ya rasa ina ne gida. Wani ma yakan yarda, ya je ya miƙa, a yi ta yi masa san barka, gari na wayewa ya tashi yana neman makulli yana zargin an sace. Iyali sai su sake ba shi labarin daga farko, shi kuma ya sake jin zafin sabo fil, kamar yau aka faɗa masa.

A hankali hukumomi suka gane cewa wannan ba aikin ɗan sanda kaɗai ba ne. A Cibiyar Nazarin Tsufa ta Ƙasa da ke garin Obu, Dakta Yumiko Arai da abokan aikinta suka rubuta wa iyalai littafin jagora. Babban darasinsa shi ne a fara gano me motar take nufi ga mai ita, domin wani hanyar kasuwa ce kawai a wurinsa, wani kuwa ita ce nishaɗinsa da girmansa a gida, kuma kowanne da irin madadin da zai karɓa. A 2015 jihar Kumamoto ta fara ajiye ma'aikatan jinya a cibiyar lasisi, wasu jihohi suka bi sahu. Dattijon da zai murtuke fuska in ya ga kaki, yakan saki jiki da nas ɗin da ta fara da tambayarsa yaya barci, yaya hawan jini. A 2019 aka buɗe lambar waya ta ƙasa baki ɗaya, #8080, wadda direba ko ɗansa ko surukarsa za su kira su nemi shawara. Har harshen ma ya sauya, mutane suka riƙa cewa wane ya yi saukar tuƙi, kamar ɗalibin da ya kammala makaranta.

Fargabar barin tuƙi tana da tushe a bincike. A 2016 masana a Jami'ar Columbia ta Amurka suka tattara nazarce-nazarce 16, suka ga cewa barin tuƙi na kusan ninka haɗarin faɗawa ciwon damuwa ga tsofaffi. A Japan, masu bincike na Jami'ar Tsukuba sun bi diddigin tsofaffi kusan 2,800 a jihar Aichi, suka tarar waɗanda suka daina tuƙi sun ninka masu ci gaba da yi wajen yiwuwar komawa masu buƙatar a kula da su. Haɗarin ya fi sauƙi ga waɗanda suka koma hawa bas ko keke. Mai gidan da jiya shi ke kai kowa unguwa, yau sai ya jira surukarsa ta tashi daga aiki. Bayan ya roƙa sau biyu sau uku, kunya kan sa ya ce ya fasa, daga nan sai zaman ɗaki da kallon talabijin.

'Yan kasuwa da ƙananan hukumomi suka shigo da nasu lallashin. Mai katin tarihin tuƙi na samun rangwame a tasi da bas, da gidajen wanka, da shagunan tabarau. A 2016 wani kamfanin sayar da taliya a Aichi ya rage masu kuɗin kwano. Shekara na zagayowa wani kamfanin shirya jana'iza a jihar ya yi musu tayin ragin kashi 15 cikin 100, abin da ya ba jaridun duniya abin dariya na mako guda. Manya ma suka ba da misali. Sarkin Japan na lokacin, Akihito, wanda ya saba jan tsohuwar Honda Integra ɗinsa a cikin harabar fada, ya ajiye tuƙi da ya cika shekara 85 a ƙarshen 2018. A watan Yunin 2019 fitaccen ɗan wasa kuma mawaƙi Ryotaro Sugi ya je cibiyar lasisi a Tokyo, 'yan jarida na biye da shi, ya miƙa nasa yana da shekara 74.

Abin da ya fi tura mutane a wannan shekarar ya faru ne ranar 19 ga Afrilu a unguwar Ikebukuro ta Tokyo. Wani tsohon babban jami'in gwamnati ɗan shekara 87 ya keta danja da mugun gudu, ya kashe wata mata 'yar shekara 31 da 'yarta 'yar shekara uku, wasu tara suka ji rauni. Ba a kan cutar mantuwa aka yi shari'ar ba. Kotu ta ce totur ya taka a maimakon birki, ta ɗaure shi shekara biyar a 2021. Amma a gidaje da yawa, maganar da aka yi shekaru ana kewayewa a daren nan aka fasa ta a kan teburin cin abinci. Kafin 2019 ta ƙare, mutum 601,022 sun miƙa lasisi, adadin da ba a taɓa gani ba. A Mayun 2022 aka ƙara gwajin tuƙi na zahiri ga 'yan shekara 75 masu tarihin wasu laifuka, aka kuma fito da lasisin da bai halatta wa mutum komai ba sai mota mai taka birki da kanta.

Daga wancan ƙololuwa adadin ya yi ta sauka, har a 2023 ya gaza 400,000. Annobar korona ta sa tsofaffi gudun cunkoson jirgi da bas, amma akwai dalilin da ya girmi annoba. Mazaunin Tokyo ko Osaka in ya miƙa lasisi, tashar jirgin ƙasa na bakin unguwarsa. A ƙauyukan kan tsauni kuwa matasa sun tafi birni, shaguna sun rufe, bas na zuwa sau biyu ko uku a rana in ma yana zuwa. A 2018 aka rufe layin dogo na Sanko mai tsawon kilomita 108 tsakanin jihohin Shimane da Hiroshima. Ga manomin da ke irin wannan wuri, ajiye a-kori-kura daidai yake da ajiye gona. Japanawa har suna suka raɗa wa waɗanda suka maƙale haka: 'yan gudun hijirar cefane. Maganin da ake gwadawa na gida ne. A Tokushima, a 2012, aka fara Tokushimaru, wasu ƙananan motoci maƙare da kayan miya da kifi masu bin tsofaffi har ƙofar gida. A yankin Tango na birnin Kyotango, tun 2016, mazauna gari ke ɗaukar maƙwabtansu a motocinsu ta manhajar Uber, bayan kamfanin tasi ya tattara ya bar garin.

A yau kusan kashi 29 cikin 100 na Japanawa sun kai shekara 65, gwamnati ta ƙiyasta masu cutar mantuwa da mutum miliyan 4.4 a 2022, kuma a 2025 yaran bayan yaƙi, masu Corolla da Sunny na farko, duk sun cika 75. Kujerun ɗakin hotuna ba za su yi sanyi nan kusa ba.

Ita kanta miƙawar ba ta cin lokaci. Dattijo ya zo taga, galibi da ɗansa ko 'yarsa a gefe, ya cika takarda ɗaya. Jami'i ya tambaye shi ko da yardarsa ya zo, ya kuma tunasar da shi cewa daga wannan minti ba shi da izinin jan mota, ko da komawa gida ne. Shi ya sa ake gargaɗin kowa kada ya zo da motarsa shi kaɗai. A wurare da yawa, in ya nema, akan huda tsohon lasisin a mayar masa ya ajiye don tarihi. Sai ya biya yen dubu ɗaya da ɗoriya, a ba shi sabon kati mai girman wancan, da sunansa da hotonsa da jerin irin motocin da ya taɓa samun izinin ja. A jikinsa an rubuta layi ɗaya, cewa mai wannan kati ba zai tuƙa mota ba. Yakan soka shi a aljihun walat ɗin da tsohon ya yi shekaru a ciki, ya fito farfajiya, ya zagaya ta ɗaya gefen motar, ya buɗe ƙofar fasinja.